Mashawartan Darakta

Ɗan ƙanena yana da baki. Tun yana ƙarami, in ya je kasuwa ya dawo yana ba da labari, sai ka rantse shi ya gina ta. Ni na riƙe shi bayan rasuwar ubansa, ni na yi masa aure, har yau kuma shi da matarsa a ɗakunan bayan gidana suke zaune, don haka babu mai gaya mini halinsa. Aikinsa tsaron shagon tayil ne a bakin babban titi: ya nuna wa mutane kala-kala, ya yi musu daɗin baki, su saya. Wannan aikin shi ne cinsa, shi ne suturarsa, da shi matarsa ke zuwa awo, don a lokacin cikinta wata bakwai.

Wata Asabar ya shigo falona da ɗan kwali, ya zazzage mini katuna a kan tebur. Kowanne an rubuta "Darakta" da ruwan zinare a ƙarƙashin hotonsa, ya harɗe hannuwa yana kallon sama kamar mai duban hadari.

"Gwaggo, na kafa kamfani."

"A ina?"

"A cikin waya."

"To ka riƙe ta da kyau, kada ta faɗi ma'aikata su ji ciwo."

Bai yi dariya ba. Ya ce in famfon gidanka ya fashe, ko wutarka ta lalace, sai ka danna waya, mai gyara ya zo har ƙofa. Zan faɗi gaskiya, dabarar ba ta da laifi. Ya ma riga ya sami masu gyara bakwai da suka yarda: masu famfo uku, masu lantarki biyu, kafinta da mai walda. Da a nan ya tsaya, da ban ɓata takardata ba.

Sai dai a wani taro ya haɗu da wata mata mai zuba jari a sababbin kamfanoni. Ta saurare shi, ta ba shi katinta, ta ce, "Nemo mutanen da suka san abin da ba ka sani ba, su riƙa ba ka shawara. In ka same su, kira ni in zo in gani." Ita abin da ta faɗa ke nan. Shi abin da ya ji shi ne: tara manya.

Ya ɗauki hutun mako biyu a shagon tayil. A unguwa kuwa ya ce ya ajiye aiki, wai ya gaji da yi wa wani arziki. Daga ranar kowa ya koma kiransa Darakta, har da ɗan jan sunan yadda mai hankali zai gane, shi kuwa yana ɗaga musu hannu.

Ya fara da manyan gari. Ya tura wa mutum arba'in saƙo. Ɗaya ne ya amsa, ya ce, "Wane ne?" Darakta ya kwana uku yana nuna wa mutane amsar, yana cewa sun fara tattaunawa. Da ya ji ana wani taron 'yan kasuwa a otal, ya ari kwat wurin tela, mai hannu har yatsa, ya je ya tsaya a bakin ƙofa, don ba a shiga sai da gayyata. Can ya hangi wani mai tumbi ya jingina da doguwar mota baƙa. Ya yi masa jawabin rabin awa, mutumin yana gyaɗa kai a kan komai. Suka ɗauki hoto, ya kai aka wanke, ya saka a gilashi, ya rataya mini a bango.

Da yamma mai kemis ɗin layinmu ta shigo kawo mini maganin ido. Ta tsaya gaban hoton.

"Gwaggo, me direban nan yake yi a bangonki?"

"Wane direba?" in ji Darakta.

"Direban mai kamfanin siminti mana. Duk mako yana zuwa wurina sayen man zafi, bayansa na damunsa."

"Ai da gangan na yi. A mota ake faɗin sirri, shi ke jin komai."

"To Allah ya sa ya ba ka shawarar yadda ake yin ribas."

Kafin magariba hoton ya sauka. Ƙusar ya bar mini.

Washegari ya zo da sabuwar fuska. "Gwaggo, na gano inda matsalar take. Manyan waje ba su da lokaci. Mu kuwa muna da manya a gida, zaune kawai."

Ya fara da surukinsa, uban matarsa, wanda ya shekara talatin da biyar a gidan waya yana buga wa wasiƙu hatimi. A takardar kamfani ya zama "ƙwararre kan harkar sadarwa". Labari bai kwana ba ya isa kunnen kawunsa, wan mahaifiyarsa, tsohon direban motar haya. Kawu ya shigo gidana ko zama bai yi ba.

"Ashe an kafa kamfani da dangin mata, mu dangin uwa sai dai mu ji a bakin titi?"

"Kawu, ai dama yanzu nake shirin zuwa."

"Da takalmin wanka?"

Kawu ya zama "masanin sufuri". Na uku shi ne tsohon hedimastan makarantarsu, maƙwabcinmu, wanda ya zane shi ya fi a ƙirga. Shi ko nemansa ba a yi ba. Ya tare Darakta a hanya ya ce, "Na ji kana neman masu ilimi." Ba tambaya ba ce. Darakta ya cire hula ya ce yaushe Malam yake da sarari.

Na kira shi ɗaki na ce, "Mutanen nan uku, akwai wanda za ka iya kallon idonsa ka ce masa a'a?"

"Gwaggo, shugabanci salo ne, ba gardama ba."

"Ɗaya ya ba ka 'yarsa, ɗaya ya goye ka, ɗaya ya zane ka. Da wane salon za ka ɓullo musu?"

"Ke dai ki zuba ido."

Na zuba. A falona ma ake zaman, don ya ce musu ofis yana kan gyara. Kujera mai hannu ɗaya ce a falon, ta marigayi mijina. Zaman farko a kanta ya ƙare. Suruki ya ce shi aka fara gayyata. Kawu ya ce shi ya fara ganin yaron a duniya. Hedimasta ya ce a bi shekaru, sai kowannensu ya shiga ƙara wa kansa, har Kawu ya kusa girmar ubansa. Daga ƙarshe Suruki ya zauna a ciki, Kawu ya ɗare kan hannun kujerar, ya saka masa gwiwar hannu a kusa da kunne. Haka suka riƙa zama kullum, kamar an ɗora buhu a kan buhu.

A zama na biyu aka fara shawara. Suruki ya gyara tabarau.

"Waya ba ta da shaida. Mutum ya kira yau, gobe ya ce bai kira ba. Mai buƙata ya rubuta a takarda, ya jefa a akwati."

"Baba, ai dama manufar kamfanin ita ce a danna..."

Suruki ya dube shi ta saman tabarau.

"Haka ne, Baba. Akwati ya fi."

Kafinta ya haɗa akwati, aka shafa masa jan fenti, aka kafa a ƙofar gidana. Makulli a aljihun Suruki. Ƙarfe goma na safe ake buɗewa, ban da Asabar da Lahadi, don haka tsari yake.

Hedimasta ya ce ba zai sa sunansa a inda ake tura jahilai gidajen mutane ba, dole kowane mai gyara ya zauna jarrabawa. Aka jera magidanta bakwai a kan benci a barandata, kowa da fensir. Hedimasta yana zagayawa da hannu a baya yana yi musu shifta. Mai walda, mutum mai furfura a gemu, ya jure har layi na uku, sannan ya ajiye fensir.

"Malam, ni ƙarfe nake haɗawa. Wanda ƙofarsa ta ɓalle bai taɓa tambayata inda ake saka waƙafi ba."

"Ba a magana a ɗakin jarrabawa."

"To bari in fita in yi ta a waje."

Ya fita, biyar suka bi shi. Mai famfo ɗaya ya rage, shi ma daga baya ya gaya mini jira yake rana ta yi sanyi. Ya ci uku cikin ashirin, ya zo na ɗaya.

Kawu ya ga kowa ya kafa dokarsa, shi kaɗai ya rage. Ya buga cinya.

"Ni abin da na sani, ba a tada mota da fasinja ɗaya. Mai famfo ba zai fita don gida ɗaya ba. A tara aiki biyar, sannan ya tashi."

Darakta ya buɗe baki. Kawu ya ce, "Ko tawa ce ba ta da amfani, tunda ban sa tabarau ba?"

"A'a, Kawu. Biyar ɗin ma ai sassauci ka yi."

Duk wannan ana yi, mako biyun hutu ya ƙare. Ina shanya a bayan tagarsu na ji shi yana waya da maigidansa na shagon tayil, da wata murya mai rawa da ban san yana da ita ba. Wai gwaggonsa ce kwance rai a hannun Allah, ko mutane ba ta ganewa, shi kaɗai ke juya ta. Da ya gama na leƙa ta tagar.

"Wace gwaggon?"

Ya kusa yar da wayar. "Gwaggo, dabara ce kawai. Ya ƙara mini zuwa ƙarshen wata. Ya ce in ban koma ba zai ɗauki wani."

"Ni ka kwantar?"

"A baki ne kawai."

"Da safe na ɗaga buhun gawayi ni kaɗai kana kallo, kana danna waya. Wannan ce mai rai a hannun Allah?"

Matarsa tana zaune bakin gado ta miƙe ƙafafu da suka kumbura. Ta ce, "Ni dai ka koma aikinka. Yaron nan in ya zo ba katin Darakta zai sha ba."

"Kwana goma kawai nake nema. Mai jarin nan tana ganin mashawartana, ke da kanki za ki ce in rubuta wa mai tayil takardar sallama."

"Babana ne fa mashawarcin. Na san shi kafin ka san shi."

Ranar Juma'a da rana kamfani ya sami aikinsa na farko. Bututun ruwa ya fashe a shagon mai kemis. Ta kira Darakta, aka yi rashin sa'a Suruki yana zaune a gefensa yana shan shayi.

"Ki rubuta ki jefa a akwati," in ji Darakta, yana kallon ƙasa.

"Ruwa yana shiga kwalayen magani, kana ce mini in rubuta?"

"Tsari ne."

Ta yage murfin kwali, ta rubuta, ta tako da zani a tattare, ta jefa a akwatin ana kallo. Ruwa ya fito daga shagonta ya bi layi. Tela ya ɗage kekensa kan bulo. Mai gyaran takalmi ya kwashe kayansa yana tambaya ko kamfanin yana da sashen kwale-kwale. Darakta yana tsaye a ƙofa da kwat ɗin aro yana cewa an karɓi koke, ana dubawa. Da ta gaji, mai kemis ta kira wata lamba da ta gani rubuce da gawayi a jikin katanga. Mai famfon kamfani ne ya ɗauka, ya zo a kan kekensa, minti ashirin ya ɗaure bututun.

Litinin ƙarfe goma Suruki ya buɗe akwati a gaban mashawarta, ya ciro murfin kwalin, ya karanta da ƙarfi. Ba zan maimaita abin da ta rubuta ba, amma ta taɓo Darakta, ta taɓo akwatin, ta taɓo wanda ya kawo shawararsa. Suruki ya buga hatimi ya ce, "An karɓa." Kawu ya ce saura huɗu.

A ranar Darakta ya kira mai jari ya ce mashawarta sun cika, ta ce za ta zo Alhamis. Ya buga wata takarda mai sheƙi da hotunansu duka, ya raba musu. Hedimasta ya kai tasa gida ya bi ta da jan biro, ya ga babu ko mutum ɗaya a ciki da ya san harkar gini. To shi abin da ya sani, kamar kowa a unguwa, Darakta ya ajiye aiki cikin mutunci. Wa ya fi tsohon maigidansa cancanta? Bai gaya wa kowa ba, don yana son a yaba masa. Ya saka hula, ya tafi shagon tayil, ya miƙa takardar. Mai shagon ya karanta ta gaba da baya, ya tambayi rana da lokaci, ya ce ko ana ruwan duwatsu zai zo.

Alhamis aka share falona har ƙarƙashin kujeru. Rabin layi ya taru a baranda da bakin taga, mai kemis a gaba. Mai jarin ta zo ita kaɗai, mace 'yar siririya da ƙaramar jaka, ta gaishe ni, ta zauna a kujerar roba. Ta kalli Kawu a kan hannun kujera, ta kalli Suruki a ƙarƙashinsa. Darakta ya miƙe ya fara jawabi a kan yadda zai canza rayuwar al'umma. Ta bar shi ya yi minti biyar, sannan ta ɗaga hannu.

"Bari in ji daga iyayena. Baba, a cikin shawarwarin da kuka ba shi, wacce ya ƙi?"

Suruki ya yi murmushi. "Ko ɗaya. Yaro ne mai ladabi."

"Bai isa ba," in ji Kawu.

"Ni na tarbiyyantar da shi," in ji Hedimasta.

"To a cikinku wa ya taɓa gyara famfo, ko ya ja wayar wuta, ko ya tura wani ya yi?"

Kawu ya ce ya taɓa ɗaure tiyon mota da roba.

Ta juya ga Darakta. "Da muka haɗu ka ce kana da masu gyara bakwai."

"Mun tace su, ranki ya daɗe. Inganci muke nema."

"Saura nawa?"

"Ɗaya. Amma shi ya zo na ɗaya."

"Gida nawa kuka yi wa aiki?"

Mai kemis ta amsa daga taga. "Nawa ne na farko, yana cikin akwati yana jiran fasinja."

Baranda ta ɗauki dariya. Ana cikin haka aka yi sallama, Hedimasta ya miƙe da fara'a ya ce ga babban baƙonsa. Mai shagon tayil ya shigo da ledar lemo a hannu. Darakta ya koma ya zauna, alhali babu kujera a bayansa, sai bango ne ya tare shi.

Mutumin ya wuce kowa ya zo gabana ya rusuna. Ina tsaye da tiren shayi mai kofi takwas.

"Mama, ya jiki?"

"Ƙalau, sai in ka hango wani abin da ban gani ba."

"An ce mini ko mutane ba kya ganewa."

"Ina ganewa. Wancan da ke jikin bango ma na gane shi tun kafin ya yi haƙori."

Ya ajiye mini lemon, ya juya ga Darakta. "An gayyace ni in ba da shawara, ga ta. Duk wanda zai buɗe kamfani, kada ya ɗauki ma'aikacin da zai kwantar da gwaggonsa don ya sami hutu. Ka kawo mini makullin sito kafin la'asar."

"Hutu?" in ji Suruki. "Ba ajiye aikin ka yi ba?"

"Baba, wato, a zuciyata na ajiye."

Matarsa tana bakin labule. Ba ta yi kuka ba, ta dai dube shi, ta saki labulen. Mai jari ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta tambayi mai kemis lambar mai famfon nan, ta ce nata gidan ma yana yoyo.

Na ɗauka an gama. Amma da mutane suka watse, tsofaffin nan uku ba su tashi ba. Suruki ya ce 'yarsa ba za ta haihu a gidan da babu albashi ba. Kawu ya ce ɗan ƙanwarsa ba za a kore shi kamar kaza ba. Hedimasta ya ce shi ya jawo, shi zai gyara. Karo na farko ke nan da suka yarda a kan abu ɗaya, ba su kuma tambayi Darakta ra'ayinsa ba.

Washegari da safe suka sa manyan riguna suka tafi shagon tayil ban haƙuri. A nan ne aka ga abin da suka ƙware a kai. Suka ja kujeru suka zauna a tsakiyar shago, daidai inda masu saye ke wucewa. Suruki ya fara daga tarihin auren 'yarsa. Kawu ya katse shi ya ce dangin uwa ke fara magana. Hedimasta ya gyara wa mai shagon rubutun da ke jikin allonsa, ya ce akwai kuskure biyu. Duk wanda ya shigo sayen tayil sai sun tsayar da shi ya zama shaida. Mai shago ya ce zai duba, suka ce za su jira. Ya rufe da yamma, da safe ya tarar da su a ƙofa, Kawu har da filas ɗin shayi. A kwana na biyu da rana, bayan wani mai gina otal ya juya ya fita ba tare da ya sayi ko ƙwaya ɗaya ba, mai shagon ya ɗaga hannu biyu.

Ya ce Darakta ya dawo, amma ba gaban shago ba, sito, wurin sauke kwali daga mota. Sharaɗi ɗaya: kada ya sake ganin ɗayansu a kan titin nan, ko inuwa suka zo sha.

Litinin na bi ta wajen zan je asibitin ido. Na hango Darakta yana fitowa daga bayan babbar mota, kwalin tayil biyu a ka, ƙura har gira. Tela ya tsaya da shi yana tambayar ina aka kwana a zancen kamfani. Na rage tafiya don in ji.

"Ai an wuce wannan matakin," in ji shi, wuyansa na rawa a ƙarƙashin kaya. "Mashawartana sun zauna da kamfanin tayil kwana biyu cur. Mun haɗe. Ni ke kula da duk abin da ke shigowa."

Daga cikin sito aka daka masa kira, aka ce saura kwali tamanin.